Yadda Ake Rubuta Jagorar Laburaren Warware Sharuɗɗa da Hausa

A watan Zulƙida, lokacin da Makka ta fara cika kuma masu kula da masaukan alhazai suka yi sallama da barci, wani ƙanena da ke taimaka wa wani dattijo mai kula da gida a Shara Mansur ya kira ni hankalinsa a tashe. Yana riƙe da sunayen baƙi 48 da ɗakuna 12 masu gado huɗu-huɗu, kuma ya ɗora aikin rabon a kan wani ɗan laburaren manhaja, wato tarin shiryayyun ayyuka da masu rubuta manhaja ke ɗauka su yi amfani da su, wanda muka rubuta tare da abokaina. Ya faɗa wa kwamfuta cewa maza daban mata daban, tsofaffi a hawan ƙasa, waɗanda suka taso daga gari ɗaya kuma a haɗa su in da hali. Bayan rabin minti sai allo ya nuna masa kalmomi biyu: babu mafita. Dattijon da ke tsaye a kansa ya ce, "To ɗana, tunda na'urar ta ce ba za ta yiwu ba, a nemi ƙarin ɗaki a maƙota." Duk wanda ya san kuɗin ɗaki a Makka a wannan wata ya san nauyin wannan magana. Da na duba sai na tarar injin bai taɓa cewa rabon ba zai yiwu ba, abin da ya faru shi ne lokacin da aka ɗibar masa ya ƙare kafin ya gama lalube. Ni ne na rubuta waɗannan kalmomi biyu a saƙon da kuma cikin jagorar, don haka laifin nawa ne, kuma daga wannan rana na fara ɗaukar rubutun jagora da muhimmancin da nake ba rubutun manhajar kanta.

Dalilin da ya sa irin wannan laburare yake buƙatar kulawa ta musamman wajen rubutu yana cikin yadda ake amfani da shi. A manhaja ta yau da kullum, mai rubutu ne yake jera wa kwamfuta matakai, ta yi wannan sannan ta yi wancan, kuma idan abu ya lalace yana iya bin sawu har ya gano inda aka kauce. A laburaren warware sharuɗɗa kuwa, mai amfani yana bayyana siffar amsar da yake so ne kawai, ya bar wa injin neman hanyar kaiwa gare ta. Yana ba da abubuwa uku: wuraren da za a cike, abin da kowane wuri zai iya ɗauka, da dokokin da suka ɗaure su da juna, wato sharuɗɗan. Wasan Sudoku misali ne da kowa ya sani, inda ake da gidaje 81, kowanne yana ɗaukar lamba daga 1 zuwa 9, da dokoki 27 na hana maimaici a layuka da ginshiƙai da akwatuna. Ugo Montanari ya shimfiɗa tushen wannan fanni a wani rubutu na 1974, Alan Mackworth kuma ya biyo baya a 1977 da hanyoyin rage zaɓi da har yau ake koyarwa. Tunda mai amfani ba ya ganin abin da ke gudana a cikin injin, kalmomin jagora ne kaɗai idonsa, kuma babban aikin jagorar shi ne ta faɗi abin da injin ya yi alkawari da abin da bai yi ba.

Ka fara da ƙamus tun kafin shafin farko

Kafin ka rubuta ko da layi ɗaya na koyarwa, ka zauna da abokan aikinka ku tsayar da kalmomi, ku kuma ɗaure kanku da doka guda: kalma ɗaya ga ma'ana ɗaya, daga farkon jagora har ƙarshenta. Marubucin Hausa ya saba da sauya kalma don gudun maimaici, kuma wannan ado ne a labari ko huɗuba, amma a nan idan ka ce "sharaɗi" a shafi na biyu ka ce "doka" a na biyar, mai karatu zai ɗauka abubuwa biyu ne daban ya tafi neman bambancinsu.

Kalmar da ta fi cin mana lokaci ita ce ta ainihin abin da laburaren ke warwarewa. Larabawa suna cewa ƙaid, jam'insa ƙuyud, kuma Hausa ta daɗe da aro ta, shi ya sa muke cewa abu ba shi da ƙaidi. A ma'ana ita ce ta fi dacewa, domin ƙaidi dabaibayi ne da ke taƙaita inda abu zai kai. Matsalarta a jam'i take, don da zarar ka rubuta shi mai karatu zai gan shi kamar jam'in ƙa'ida, ga shi kuma yawancin mutane ba sa sanya alamar (') da ke tsakiyar kalmar ƙa'ida idan suna rubutu a waya. Saboda haka muka koma ga sharaɗi da sharuɗɗa, wanda kowa ya sani daga ciniki da aure da alwala. Ita ma tana da nata cikas, tunda masu rubuta manhaja suna kiran jumlar "idan kaza, to kaza" da sharaɗi, sai muka bar wa waccan sunan gwaji muka rubuta hakan ƙarara a ƙamus. Ba sai ka bi zaɓinmu ba, amma ka rubuta dalilin naka zaɓin a ƙarƙashin kalmar, domin wanda zai gaje ka kada ya sake buɗe gardamar daga farko.

Ta biyu ita ce wurin da za a cike. Larabci yana cewa mutagayyir, wato mai canzawa, kuma da yawa za su so a fassara shi haka. Ina ganin kuskure ne a wannan fanni. A manhaja ta yau da kullum abin yana canzawa da gaske, yanzu 5 anjima 6, amma a nan abu ne da ba a san shi ba tukuna, wanda a ƙarshe zai tsaya a kan ƙima ɗaya. Gurbi ya fi faɗin gaskiya, domin kowa ya san gurbi jira yake a cike shi. Tarin abin da gurbi zai iya ɗauka muka kira rumbunsa, tunda ana ɗiba daga ciki yana raguwa, kuma idan rumbu ya zama wayam an san an shiga hanyar da ba ta ɓullewa. Aikin da injin ke yi na cire ƙimomin da ba za su yiwu ba daga rumbuna, bayan an cike wani gurbi, shi muka kira tankaɗe, kuma ban taɓa ganin wanda ya nemi ƙarin bayani a kansa ba, don duk wanda ya ga gari a rariya ya fahimta. Gwada ƙima ɗaya bayan ɗaya shi ne lalube, janyewa daga zaɓin da ya toshe kuma komawa baya. Laburare dai a bar shi laburare, kada a ce ɗakin karatu.

Akwai bambanci ɗaya da tilas ƙamus ya fito da shi fili, wato tsakanin sharaɗin dole da sharaɗin so. Raba maza da mata a ɗakuna sharaɗin dole ne, wanda idan aka karya shi amsar ta ɓaci gaba ɗaya. Haɗa 'yan gari ɗaya sharaɗin so ne, injin zai yi ƙoƙari, in ya gagara ya saki ya ɗauki tara gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Ga mai karatu da ya yi makarantar allo da ta ilimi, jumla ɗaya ta isa: na farko kamar wajibi yake, na biyu kamar mustahabbi. Ina amfani da wannan kwatance a bayani kawai, ban mayar da su sunayen dindindin ba, domin ban ga dacewar ɗora kalmomin fiƙihu a kan rabon gadaje ba.

Ka yi wa ƙamus ginshiƙai uku, Hausa da Larabci da Turanci. Da yawa daga cikin 'ya'yan Hausawa da aka haifa a Makka da Jidda da Madina suna jin Hausa ras a baki, amma karatunsu da Larabci suka yi, boko yana yi musu nauyi a ido, wanda ya zo daga Kano ko Damagaram kuwa da Turanci ko Faransanci ya fara haɗuwa da kalmomin. Ginshiƙin Turanci yana da wani amfanin, domin manyan laburarori ma ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. Sharaɗin da ke cewa kowane gurbi ya ɗauki ƙima daban da ta sauran, Gecode yana kiransa distinct, MiniZinc yana cewa alldifferent, OR-Tools na kamfanin Google kuma yana da AddAllDifferent. Idan ka jera waɗannan a gefen sunan da ka zaɓa, wanda ya taho daga wani laburare zai gane gida nan take. Nicolas Beldiceanu da abokan aikinsa sun tattara kundin irin waɗannan sharuɗɗa har ɗaruruwa, kowanne da sunayen da ake kiransa da su a wurare daban-daban, kuma yana da kyau ka leƙa shi kafin ka raɗa wa wani sharaɗi sabon suna.

Shafin da ya fi kowanne muhimmanci

Wannan shi ne shafin da ke bayyana abin da injin ke cewa idan ya tsaya, kuma a nan ne na yi tuntuɓen da na ba da labari. Injin CP-SAT na cikin OR-Tools yana da amsoshi biyar, kuma rabonsu abin koyi ne ko da naka injin daban ne. OPTIMAL na nufin an sami mafita an kuma tabbatar babu wadda ta fi ta. FEASIBLE na nufin an sami mafita da ta cika dukkan sharuɗɗan dole, amma ba a tabbatar ita ce mafi kyau ba. INFEASIBLE na nufin injin ya kafa hujja cewa sharuɗɗan ba za su taɓa haɗuwa ba. MODEL_INVALID na nufin bayanin da aka ba shi ne ke da kuskure, bai ma fara aiki ba. UNKNOWN kuma na nufin ya tsaya, galibi saboda ƙarewar lokaci, bai samu ba kuma bai tabbatar da rashi ba.

Na uku da na biyar su ne masu haɗari, domin a idon mai amfani duka biyun hannu wofi ne. Amma tsakanin "babu" da "ban samu ba" akwai tazarar da ke tsakanin wanda ya zazzage buhu ya ga ba komai da wanda aka kira shi tun bai kwance bakin buhun ba. Saboda haka ka rubuta saƙon kowanne da cikakkiyar jumla, ka kuma faɗi abin da mai amfani zai yi daga nan. Ga na uku, a ce an tabbatar waɗannan sharuɗɗa sun ci karo da juna, ƙarin lokaci ba zai amfana ba, sai an sassauta wani. Ga na biyar, a ce lokaci ya ƙare kafin a kai ga hukunci, mai yiwuwa mafita tana nan, a ƙara lokaci ko a gyara yadda aka tsara matsalar. Haka nan kada ka yarda kalmar "mafi kyau" ta fito a kan amsa ta biyu, ko a misali ko a hoton allo, domin wanda ya gan ta sau ɗaya zai riƙe ta. MiniZinc yana yin wannan bambanci da alamomi, layin karan ɗori bayan kowace mafita da layin alamar daidai idan lalube ya kammala, kuma sabon shiga ba zai san cewa rashin layi na biyun yana da ma'ana ba sai an faɗa masa.

Idan injinka yana iya nuna waɗanne sharuɗɗa ne suka ci karo, ka koyar da wannan a shafin nan, kada ka ɓoye shi a ƙarshen jagora. MiniZinc yana da wani kayan aiki mai suna findMUS da ke zaƙulo ƙaramin rukunin sharuɗɗan da ba sa jituwa. In naka ba shi da irinsa, ka nuna hanyar hannu: a kashe sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya ana sake gwadawa har a gano mai laifin.

Abin da kowane sharaɗi zai faɗa game da kansa

Kowane sharaɗi yana buƙatar shafinsa, kuma jumlar farko ta faɗi ma'anarsa da Hausar da ba ta da kwana. Bayan ta sai bakin iyakoki, waɗanda su ne marubuta suka fi tsallakewa saboda a wurinsu a bayyane suke. Ɗauki sharaɗin hana ayyuka biyu hawa kan juna a lokaci. Idan bas ta dawo daga Mina ƙarfe 9 daidai, za a iya ba ta wata tafiyar da ke farawa ƙarfe 9? A CP-SAT ana iya hakan, domin lokacin ƙarewa ba ya cikin tsawon aikin, kuma mai tsara jigila da bai san haka ba zai manta da mintocin sauke tsofaffi da kekunansu. Ƙidaya daga sifili take farawa ko daga ɗaya? Jerin da aka rubuta kai tsaye a MiniZinc daga 1 yake farawa, na harsunan rubuta manhaja Python da C++ daga 0, kuma wannan kaɗai ya isa ya tura baƙo ɗakin da ba nasa ba. Rabawa fa, idan lambar ta gaza sifili? Raba -7 gida 2 yana ba da -3 a C++, rabawar cikakkun lambobi a Python kuma tana ba da -4. Sannan ka faɗi irin lambobin da injin ke karɓa. CP-SAT cikakkun lambobi kaɗai yake aiki da su a gurabensa, don haka wanda zai sa kuɗin haya sai ya mayar da riyal zuwa halala, ya ninka da 100, kuma ya kamata ya ga wannan a misali tun kafin ya ci karo da shi.

Sai ƙarfin tankaɗe, wanda ke buƙatar ɗan misali da lambobi fiye da dogon bayani. A ce gurabe uku ne da ake so su bambanta, na farko da na biyu kowanne rumbunsa 1 da 2, na uku kuma 1 da 2 da 3. Idan ka rubuta sharaɗin a matsayin "wannan ba ya daidai da wancan" bibbiyu-bibbiyu, tankaɗe ba zai cire komai ba, sai lalube ya gano. Hanyar da Jean-Charles Régin ya fito da ita a 1994 tana kallon gurabun gaba ɗaya, ta ga cewa biyun farko sun cinye 1 da 2, ta bar wa na uku 3 kaɗai tun kafin a gwada komai. Ma'anar sharaɗin ɗaya ce a hanyoyin biyu, saurin ne ya bambanta. Gecode, wanda Christian Schulte ya jagoranta kuma aka fara fitarwa a 2005, yana barin mai amfani ya zaɓi zurfin tankaɗen, na ƙima ko na iyakoki ko na rumbu gaba ɗaya. In naka yana da irin wannan zaɓi, ka faɗi wanda yake aiki idan ba a zaɓi komai ba, ka kuma gargaɗi mai karatu cewa rariya mai ƙananan ido ta fi tacewa amma ta fi cin lokaci.

Misalin farko na koyarwa ya zama ƙarami wanda mutum zai iya tabbatar da amsarsa da biro. An saba farawa da matsalar jera sarauniyoyi takwas a allon dara na Turawa yadda babu wadda za ta iya cin wata, wadda ke da mafita 92, kuma tana da amfani domin lambar sananniya ce, duk wanda injinsa ya ba shi wata daban ya san akwai kuskure. Amma ni na fi son a fara da abin da mai karatu zai yi da hannunsa gobe, baƙi shida da ɗakuna biyu, sannan a ƙara sharaɗi ɗaya a kowane mataki, har a kai ga wanda ya sa rabon ya gagara da gangan, domin ya ga saƙon rashin mafita a wurin koyo kafin ya gan shi da dattijo tsaye a kansa.

Game da lokaci, kada ka yi alkawarin sauri. Wannan rukunin matsaloli yana cikin waɗanda Stephen Cook ya fara nuna tsaurinsu a 1971, kuma har yau ba a san hanyar da ke warware kowacce cikin gaggawa ba. Raba mutum 48 a ɗakuna 12 ba tare da wani sharaɗi ba yana da hanyoyin da adadinsu lamba ce mai gida 52, tankaɗe ne ke rage su zuwa abin da za a iya bi. Abin da ya kayar da ƙanena kuwa kamanni ne: idan ɗakuna 12 iri ɗaya ne, kowane rabo guda yana da fuskoki 479,001,600 da ba su bambanta da komai ba sai lambar ƙofa, injin da ba a faɗa masa ba kuma zai yi ta bin su yana maimaita toshewa iri ɗaya. Da muka ƙara ɗan sharaɗi da ke jera ɗakuna masu kama da juna bisa tsari, sai rabon ya fito kafin shayin da aka zuba mana ya huce. Wannan dabara ta cancanci shafinta. Ka kuma sanar cewa idan injin yana lalube ta hanyoyi da yawa a lokaci guda, yana iya ba da mafita daban a kowane gwaji alhali dukkansu daidai ne, ka nuna yadda ake tsayar da shi a kan amsa ɗaya ga wanda zai buga takarda ya manna a ƙofa.

Kayan haɗa jagorar ba su da wahala. Doxygen da Sphinx suna ciro bayani daga cikin manhajar, doctest na Python kuma yana gudanar da misalan da ke cikin rubutu ya kama wanda ya daina aiki, don haka ka sa a riƙa gudanar da shi duk lokacin da aka taɓa laburaren. Ka gwada akwatin bincike da "kaidi" da "ƙaidi", da "sharadi" da "sharaɗi", ka tabbatar duka suna kaiwa wuri ɗaya, ka kuma duba cewa ginshiƙin Larabci bai juya lambobi da alamomin da ke kusa da shi ba. Daga nan ka miƙa jagorar ga wanda bai taɓa ganin laburaren ba, ka ba shi jerin baƙi na gaske, ka zauna a gefe da takarda ka kame bakinka. Duk inda ya ɗago kai zai tambaye ka, ka rubuta lambar shafin, ka bar shi ya ci gaba.